Yadda Ake Gyara Hoto A Waya Ko Kwamfuta Ba Tare Da An Ɓata Shi Ba

Idon mutum yana iya ganin aikin da ke jikin farar babbar riga da fuskar mai ita a lokaci guda, ko da tsakar rana ce. Kyamara ba ta da wannan baiwar. Ko dai ta kiyaye rigar fuskar ta yi duhu, ko ta haska fuskar rigar ta ƙone ta koma fari fat. A Katsina, inda rana take da ƙarfi, maza suke son farar shadda, hazo kuma yake rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, yawancin aikin gyaran hoto a nan ya tsaya: dawo da abin da ido ya gani amma kyamara ta kasa riƙewa. Matakan da ke ƙasa a jere suke, kuma jerin yana da dalili. Wanda ya fara kaurara launi kafin ya gyara haske zai dawo ya sake launin.

Kayan aiki

Manhaja. A waya, Snapseed ta Google kyauta ce gaba ɗaya, kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Lightroom ta Adobe ta fi ta iko a kan launi. Ana buɗe asusu kyauta, sai dai wasu kayanta, irin na gyaran sashe guda na hoto, sai an biya. A kwamfuta, GIMP kyauta ce, haka ma darktable da RawTherapee. Mai koyo ya zaɓi ɗaya ya zauna a kanta. Sunayen maɓallan da Turanci suke a jikin manhajojin, don haka a nan za a kira su yadda aka rubuta su.

Asalin hoton. Wanda ya fito daga kyamara ko waya kai tsaye, ba wanda ya bi ta WhatsApp ko Facebook ba. Waɗannan suna rage girman hoto su matse shi, kuma abin da suka zubar ba ya dawowa. Idan a wayar wani hoton yake, a karɓe shi ta Xender, ko ta igiyar USB, ko a ce ya turo ta WhatsApp a matsayin Document.

Wurin ajiya. Katin mimori, filas, ko Google Photos, wanda yake cikin gigabayit 15 na kyauta da kowane asusun Google yake da shi, tare da Gmail da Drive.

Wurin zama. Ɗaki ko inuwa. Kada ka yi gyara a cikin rana, kuma kada ka yi a cikin duhu bayan an ɗauke wuta, domin a duhu komai zai yi maka haske a fuskar waya, sai ka rage, gari ya waye ka tarar da hoto baƙi. Sa hasken fuskar wayar a tsakiya, ka kashe wanda yake sauya kansa, ka kashe abin kare ido da yake mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa da dare. A wayoyin Samsung, canza yanayin allo daga Vivid zuwa Natural.

Sai magana ɗaya a kan nau'in fayil. JPEG, hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, dafaffen tuwo ne, RAW kuwa, ɗanyen bayanin da ta ɗauka, gari ne da bai shiga tukunya ba. JPEG yana riƙe matakan haske 256 a kowane launi, RAW yana riƙe 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Shi ya sa RAW yake jure jan haske da inuwa, JPEG kuma yake saurin fashewa. Idan wayarka tana da yanayin Pro mai ba da RAW, fayil ɗin zai fito da sunan DNG, kuma na megafiksel 12 yakan kai megabayit 20 ko fiye. Idan babu, JPEG ya isa, sai dai ka sassauta hannu. Abin da ya zama dole shi ne kashe Beauty da duk wani abin gyaran fuska kafin ɗauka, musamman a wayoyin Tecno da Infinix da itel. Tun ran gini tun ran zane: fatar da waya ta goge ba ta dawowa.

1. Ware asali, sannan ka zaɓa

Kwafi hotunan zuwa wani wuri kafin ka taɓa ko ɗaya. Daga nan ka buɗe kowanne, ka zuƙo shi sosai a kan ido. Idan idon ya yi dishi-dishi saboda hannu ya girgiza ko kyamara ta kama bango maimakon fuska, wuce shi. Babu manhajar da take gyara wannan da gaske. Cikin hotuna talatin na hawan Sallah, uku ko huɗu ne suka cancanci a ɓata musu lokaci.

2. Miƙar da hoton, ka datse shi

Buɗe Rotate a Snapseed, ko Crop a Lightroom, ka nemi wani layi da ka san a miƙe yake, kamar gindin gini ko bakin titi, ka daidaita shi da layukan da suka bayyana. Karkatar digiri ɗaya ko biyu ma ido yana ganinta.

Dogayen gine-gine suna da tasu matsalar. Idan ka tsaya a gindin Hasumiyar Gobarau ka ɗaga waya sama, za ta fito kamar tana faɗuwa ta baya. Perspective ne maganin wannan: ka ja sama a hankali har layukan su kusa miƙewa. Amma a yi hattara. Ginin ƙasa irin na da, da ma gindinsa ya fi samansa faɗi, haka magina suka yi shi. Wanda ya matsa sai gefunan Gobarau sun miƙe sambal ya ƙirƙiro ginin da babu shi. A irin wannan wuri, ka auna da turken wutar lantarki ko mutumin da ke tsaye a gefe. Ka kuma duba kusurwoyi bayan ka gama, domin Snapseed tana cike gurbin da ya buɗe da abin da ta ƙirƙira, wani lokaci ta maimaita rabin mutum.

Wajen datsewa, san inda hoton zai je tun yanzu. Na Instagram 4:5 ne, na status 9:16, wankin inci 4 da 6 kuwa 3:2, na inci 8 da 10 kuma 5:4. Yawancin wayoyi 4:3 suke ɗauka, don haka dole wani abu ya fita. Gara ka zaɓi abin da zai fita da hannunka da a ce injin situdiyo ne ya sare saman rawani. Kada ka datse mutum daidai gaɓa, wato wuya, gwiwa ko wuyan hannu. Doki mai gudu kuma a bar masa fili ta gabansa.

3. Gyara farin launi

Kowane haske da nasa rini. Inuwar bedi tana zuba kore a fuska, rumfar biki mai jan tamfol tana zuba ja, tsohon ƙwan lantarki yana ba da ruwan ɗorawa, wasu fitilun ɗakin taro kuma kore-kore. Shiga White Balance, ka ɗauki alamar ɗigau, mai kama da abin ɗiga magani a ido, ka ɗora ta a kan abin da ka tabbata fari ne ko toka-toka: farin rawani, takarda, farar kujerar roba. Manhajar za ta daidaita sauran launuka da shi.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, ɗora ɗigau a kan farin da ya ƙone; babu bayanin komai a wurin, sai ka nemi ɓangaren rigar da yake cikin 'yar inuwa. Na biyu, ɗora shi a kan farin kayan da aka sa wa bula ko shaddar da farinta ya yi shuɗi-shuɗi. Manhajar za ta ɗauka haske ne ya yi shuɗi, ta mayar da hoton duka ruwan ɗorawa.

Idan babu farin abu a hoton, yi da hannu. Temperature yana tafiya tsakanin shuɗi da ruwan ɗorawa, Tint tsakanin kore da ruwan hoda. Fuskar da aka ɗauka a ƙarƙashin bishiya yawanci Tint take so, +5 zuwa +12. A fayil ɗin RAW, Lightroom tana nuna Temperature da lambobin Kelbin, ma'aunin rinin haske: hasken rana wajen 5,500, inuwa 6,500 zuwa 7,500, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa wajen 3,000. Hoton da aka ɗauka bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana take zuba ja a jikin ganuwa, kada a wanke masa wannan jan duka. Don shi aka fita.

4. Haske da inuwa

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kunna histogiram, wato jadawalin nan mai kama da tudu. Hagunsa duhu ne, damansa haske. Idan tudun ya manne da bangon dama ya hau shi, wani wuri ya ƙone. Idan bangon hagu ya hau, wani wuri ya toshe da baƙi. Ba a neman wata siffa ta musamman. Amfaninsa shi ne ya gaya maka gaskiya a lokacin da fuskar waya take ruɗin ido.

Ɗauki misalin mahayi a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah: farin rawani, farar alkyabba, fuska a inuwar rawanin, rana a tsaka. Ga yadda ake bi.

Fara da Exposure a Lightroom, ko Brightness a cikin Tune Image na Snapseed, kana kallon fuskar kawai. Ɗaga shi kaɗan, kamar +0.3 zuwa +0.5 a Lightroom. Rawanin zai ƙara ƙonewa, ƙyale shi tukuna. Sai ka sauko da Highlights zuwa wajen -40 ko -60, kana kallon naɗin rawanin da zaren aikin alkyabbar har su bayyana. Da zarar sun fito, tsaya. Idan ka kai -100 bai fito ba, to wurin ya ƙone tun a kyamara, kuma ci gaba da ja zai mayar da farin ya zama toka mai datti. Mayar da shi baya ka haƙura. Farin da ya ƙone ya fi farin da ya yi dauɗa kyan gani.

Daga nan Shadows, +20 zuwa +40, har idanu su fito daga ƙarƙashin rawani. A JPEG na waya, wuce +50 yakan tono tsaki-tsaki masu launi a cikin inuwa, ya kuma sa fata ta yi fari-fari kamar an shafa toka.

Bayan an sauke haske an ɗaga inuwa, hoto yakan yi lami, babu armashi. Whites da Blacks ne suke dawo da shi. A Lightroom ta waya, ɗora yatsu biyu kana jan Whites, allon zai yi baƙi. Ja har ɗigon farko su bayyana, sannan ka koma baya kaɗan. Yi haka da Blacks ta ɗaya gefen, amma shi ka bar 'yan wurare su toshe, kamar ƙarƙashin cikin doki. Hoton da babu baƙi na gaske a cikinsa kullum kamar an wanke shi yake. Snapseed ba ta da waɗannan biyun a Tune Image, sai ka shiga Curves: ɗora ɗigo ɗaya a kashi ɗaya cikin huɗu na layin daga ƙasa ka ja shi ƙasa kaɗan, ɗora wani a kashi uku cikin huɗu ka ɗaga shi kaɗan. A GIMP ma haka ne, a ƙarƙashin Colors za ka sami Levels da Curves. Lanƙwasar ta zama 'yar ƙarama, wadda da ƙyar za ka ga ta bar miƙe.

Kowane mataki, danna hoton ka riƙe don ka ga yadda yake da farko. Ido yana saurin sabawa da wuce gona da iri, shi ya sa ake yawan waiwaye.

5. Hazo

Ƙurar hunturu tana watsa haske, sai baƙi ya daina zama baƙi, sama ta koma fari-fari, komai ya ɗauki ruwan ƙasa. A Lightroom, Dehaze yana cikin Effects. Fara da +15, da wuya ka buƙaci wuce +30. Yana duhunta hoto ya kuma kaurara launi, don haka bayan ka sa shi sai ka koma ka ɗaga Exposure kaɗan, ka sake duba farin launi, domin yakan jawo shuɗi cikin inuwa. Idan ya yi yawa za ka ga wani farin zobe ya kewaye kan gini ko bishiya, sama kuma ta rabu layi-layi.

A Snapseed ko GIMP, shiga Curves ka ja ɗigon da ke can ƙasan hagu zuwa dama har ya taɓa inda tudun histogiram ya fara. Wannan kaɗai yana rage hazon sosai. A Snapseed sai ka ƙara Ambiance +15 zuwa +25.

Ra'ayina shi ne kada a kwashe shi tas. Hoton Ƙofar Ƙaura da safiyar Janairu, masu babura sun naɗe fuska, rana ta fito fara sol babu zafi, hazon ne labarinsa. A share gaba, inda mutane suke, a bar nesa yadda take.

6. Launi, musamman na fata

Saturation yana kaurara kowane launi bai ɗaya, har da fata, shi ya sa yake mayar da fuska ja kamar an ƙona ta. Vibrance ya fi shi hankali: yana ɗaga launukan da suka yi sanyi, yana sassauta wa na fata. A Lightroom sa Vibrance +10 zuwa +20, ka bar Saturation a sifili. A Snapseed, Saturation kada ya wuce +10.

Ja shi ne launin da yake fara fashewa. Kayan dogarai, ja da kore, da jan adon dawaki, idan rana ta buge su sai su zama dunƙulen ja guda, babu ninki babu ɗinki. Shiga Color Mix na Lightroom, ka zaɓi ja, ka rage Saturation ɗinsa da -10 zuwa -15, ka sauko da Luminance, wato hasken launin, kaɗan, ninkin zai dawo.

Fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, a cikin ruwan lemo take zaune a wannan ma'auni. Idan fuska ta yi duhu, ɗaga Luminance na ruwan lemo da +5 zuwa +12, ba fiye ba. Da bambanci tsakanin haska fuska da sauya wa mutum launin da Allah ya ba shi. Hanyar ganewa ita ce ka kwatanta fuskar da wuya da bayan hannu. Idan sun saɓa, ka wuce wuri. Amaryar da dangin ango suka kasa ganewa a hoto, ba a yi mata gwaninta ba. Ka kuma tuna cewa jar ƙasa da ginin laka su ma a ruwan lemo suke, duk abin da ka yi wa fata zai taɓa bango.

7. Gyaran sashe guda da share tarkace

Wani lokaci fuska kawai ke son haske. A Snapseed zaɓi Selective, ka taɓa fuskar, ka matse yatsu biyu; wurin da gyaran zai shafa zai yi ja, sai ka rage shi ya tsaya a kan fuskar. Brightness +15 zuwa +25 ya isa. Haka za ka yi wa lallen hannun amarya ko aikin wuyan riga, amma da Structure +10 zuwa +15. Kada Structure ya hau fuska, yana tono kowane ƙurji da tamoji.

Healing na share ƙananan abubuwa ne: ledar ruwa a ƙasa, wayar lantarki a sararin sama, ɗigon ƙurar da ta zauna a cikin kyamara, wanda yakan fito fili bayan an sa Dehaze. Zuƙo hoton sosai, ka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan. Jan dogon layi lokaci guda yana barin tabo. Wayar da ta ratsa ta kan zanen bango ko ta kan mutum, yawanci barinta ya fi. A GIMP, Heal da Clone suke wannan aikin: riƙe Ctrl ka danna wuri mai tsabta, sannan ka shafa a kan tarkacen.

Idan hoton na tarihi ne ko na labari, misali Rijiyar Kusugu ko hawan Sallar Gani a Daura, kuma za ka ba wata jarida ko shafi, tsaya a haske da launi. Cire mutum ko ƙara wani abu ya fita daga gyara.

8. Tsaki-tsaki, sannan kaifi

Hoton dare ko na cikin ɗaki yana zuwa da tsaki-tsaki. Rage shi kafin ka ƙara kaifi, in ba haka ba tsakin za ka kaifafa. A Detail na Lightroom, Noise Reduction 15 zuwa 30, Color Noise wajen 25. Fiye da haka fata takan koma kamar roba.

Wayoyi da kansu suke kaifafa JPEG, sau da yawa ma fiye da kima, don haka Sharpening 10 zuwa 15 ya wadatar, ko a bar shi. RAW yana son wajen 40. Ja Masking da yatsu biyu a kan allo: inda ya yi fari nan kaifin zai hau, inda ya yi baƙi an tsallake. Kai shi 50 zuwa 70, har sama da kumatu su yi baƙi, gefen ido da zaren tufafi su rage fari. A GIMP, Unsharp Mask yana ƙarƙashin Filters, cikin Enhance. Radius 1 zuwa 1.5 da Amount 0.5 mafari ne mai kyau. Koyaushe a duba kaifi a zuƙowar kashi 100.

9. Fitarwa, turawa da wanki

Ajiye wayar na minti goma, ka dawo ka sake kallo kafin ka fitar. Idan wani abu ya yi yawa, View edits a Snapseed yana ba ka damar komawa kan mataki guda ka rage shi ba tare da ka rushe sauran ba.

Fitar da kwafi, kada ka danne asali. A saitin Snapseed, sa inganci a JPG 95 ko 100, ka hana ta rage girma. A GIMP, ajiye aikin a XCF, ka fitar da JPEG ta Export As. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake ajiyewa, yana ƙara lalacewa, saboda haka sabon gyara daga asali ake faro shi. Tsarin launi ya zama sRGB; wani tsarin daban yakan fito a kwance a wayoyin mutane da injin situdiyo.

Na Instagram, fiksel 1080 da 1350. Na status, 1080 da 1920. Kafin ka ɗora hoton wani, musamman mata da yara a wajen biki ko suna, nemi izini, ka kuma cire bayanin wurin da waya take liƙa wa hoto idan an ɗauka a cikin gida.

Wanki yana son fiksel 300 a kowane inci: 1200 da 1800 don inci 4 da 6, 1500 da 2100 don 5 da 7, 2400 da 3000 don 8 da 10. Hoton megafiksel 12 da ba a datse ba yana kai wajen inci 10 da 13 lafiya lau. Babban firam na bango, wanda daga nesa ake kallo, yana jure 150 zuwa 200. Takarda ba ta fitar da haske kamar fuskar waya, don haka hoto yakan fito da ɗan duhu; yi kwafi na musamman ka ƙara masa Exposure +0.2 ko +0.3. Kai fayil ɗin a filas ko ka tura a matsayin Document, ka ce wa mai situdiyo kada injinsa ya sake yi masa gyaran kansa, sannan a fara wanke maka ƙarami na inci 4 da 6 ka duba fata da farin tufafi a hasken rana kafin a buga babban.